Hijabi, niƙabi da takardar zama a Faransa: me doka ta hana, me ta ƙyale?

Bamaraɗiya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman bayani daga waɗanda suka san dokar Faransa da gaske, ba labarin WhatsApp ba. Mace ce mijinta yana zaune can da takardunsa, ana shirin ta bi shi tare da 'yarsu mai shekara 13. Hijabi take sawa kullum, wani lokacin har da niƙabi. Wasu sun ce tun a filin jirgi za a tuɓe mata mayafi, wasu kuma sun ce duk surutun 'yan siyasa ne, babu abin da zai same ta. Ina ne aka hana sa shi? Yarinyar fa a makaranta? Sannan ko sutura tana iya hana mutum takardar zama ko zama ɗan ƙasa? Allah Ya saka da alheri.

Malam Na-Liyon:

Wa alaikumus salam Hajiya. Duka ɓangarorin biyu ba su faɗa miki daidai ba. Dokar Faransa ba ta ɗauki hijabi da niƙabi abu ɗaya ba, kuma kafin ta yanke hukunci abu biyu take dubawa: ke wace ce a wurin, kuma wane wuri ne.

Niƙabi ya fi sauƙin bayani. Dokar 11 ga Oktoba 2010, wadda ta fara aiki 11 ga Afrilu 2011, ta hana rufe fuska a bainar jama'a. Titi, kasuwa, kanti, bas, jirgin ƙasa, asibiti, banki, ofishin gwamnati, duk suna ciki. Tarar ba ta wuce Yuro 150, kuma alƙali na iya ƙara mata kwas na sanin haƙƙin ɗan ƙasa ko ya musanya tarar da shi. Ɗan sanda ba shi da ikon fizge mata niƙabin. Zai ce ta buɗe fuska a tantance ta, in ta ƙi ya kai ta caji ofis, inda za a iya riƙe ta har awa huɗu don binciken ko ita wace ce. Ofisoshi kuma suna da damar ƙin saurarenta muddin fuskar na rufe. Masallaci ba ya cikin hanin, gida ma haka. Wanda dokar ta fi tsananta wa shi ne mai tilasta wa mace ta rufe fuska: ɗaurin shekara ɗaya da tarar Yuro 30,000, in yarinya ce da ba ta kai 18 ba a ninka. Maigida ya riƙe wannan da kyau.

Hijabin da ya bar fuska a buɗe kuwa babu dokar da ta hana shi a titi, ko kasuwa, ko jirgi. Mace mai hijabi za ta je asibiti a duba ta, ta je ofishin magajin gari, ta je préfecture (ofishin gwamnati na yanki da ke ba da katin zama) neman takarda, ta shiga jami'a ta yi karatu. Dalili shi ne wajibin kada a nuna addini yana kan gwamnati da ma'aikatanta, ba kan mai zuwa neman hidima ba. Wannan shi ne ginshiƙin abin da suke kira laïcité, wanda ya samo asali daga dokar 1905 da ta raba coci da gwamnati. Da zarar kuwa ta koma ɗaya gefen teburin, hukunci ya juya. Duk mai aiki da gwamnati, daga malamar makaranta har mai shara a asibitin gwamnati ko mai raba abinci a makarantar unguwa, ba ta sa alamar addini a bakin aiki, ko da kwangilar wata uku aka ba ta. Dokar 24 ga Agusta 2021 ta faɗaɗa wannan zuwa kamfanoni masu zaman kansu da aka damƙa wa hidimar jama'a, kamar masu tafiyar da bas-bas na gari. Ɗalibar aikin jinya tana iya sa hijabinta a aji, amma ranar da aka tura ta koyon aiki a asibitin gwamnati sai ta cire.

Kamfani mai zaman kansa na iya hanawa, amma da sharaɗi. Dole hanin ya kasance a rubuce cikin ƙa'idojin cikin gida na kamfanin, ya shafi dukkan alamun addini da siyasa ba hijabi kaɗai ba, kuma ya tsaya kan masu hulɗa da abokan ciniki. Kafin kora, ana son mai kamfani ya duba ko akwai gurbin da ba a ganawa da jama'a ya mayar da ita. Cewa wani abokin ciniki ya yi ƙorafi ba hujja ba ce. Kotun Tarayyar Turai ta faɗi haka a Maris 2017. Saboda haka kafin sa hannu a kwangila, ta nemi a nuna mata ƙa'idojin a rubuce. In an kore ta babu rubutaccen sharaɗi, akwai hukumar Défenseur des droits da ke karɓar ƙorafin wariya kyauta.

Batun yarinyar shi ne mai nauyi. Dokar 15 ga Maris 2004 ta hana ɗalibai sa alamar addini mai fitowa fili a firamare da sakandaren gwamnati: hijabi, hular Yahudawa, babban gicciye, rawanin Sikh. Dabarar ɗaura ƙaramin kallabi a madadin hijabi ba ta fisshe ki. A 2007 Conseil d'État, babbar kotun da ke duba ƙararrakin da suka shafi gwamnati, ta amince da korar wata ɗaliba a kan haka, tunda kullum take sa shi kuma ta ƙi cirewa. A ƙarshen Agusta 2023 ministan ilimi na lokacin, Gabriel Attal, ya ƙara abaya da jallabiyar maza a ciki, kotun ta ƙi dakatar da umarnin a Satumba na shekarar, ta kuma tabbatar da shi a Satumba 2024. Tsarin shi ne shugaban makaranta ya fara tattaunawa da yarinyar da iyayenta, in ba a daidaita ba a kai ga kwamitin ladabtarwa, ƙarshe a kore ta. Abin da mafi yawan 'yan mata ke yi shi ne su cire a bakin ƙofa su mayar in an tashi. Uwa kuwa tana zuwa makarantar da hijabinta ba mai hana ta, don ita ba ɗaliba ba ce ba kuma ma'aikaciya ba.

Hajiya Mai Takardu:

Malam ya yi bayani mai kyau, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Mayafi ba ya hana katin zama. Abin da ke kayar da mata shi ne harshe, jarrabawa, da barin lokaci ya ƙure.

Tun kafin ta taso akwai matakin da ke wuyan miji. Sai ya yi aƙalla wata 18 yana zaune bisa ƙa'ida kafin ya nemi a kawo masa iyali. Za a duba kuɗin shigarsa na wata 12 da suka wuce, ya kai mafi ƙarancin albashi na ƙasar, ya ɗan haura in iyalin na da yawa. Za a duba gida: murabba'in mita 22 zuwa 28 ga miji da mata gwargwadon yankin, a ƙara 10 kan kowane mutum. Takardar aure ta hukuma ake nema, ɗaurin auren masallaci kaɗai ba ya wadatarwa. Sai abin da mutanenmu ba sa son ji: mace ɗaya kawai doka ta sani. Wanda ya kawo ta biyu alhali ta farko na nan, ba za a ba ta takarda ba, shi ma za a janye tasa. Wannan ya fi kowane niƙabi saurin rusa gida.

In ta iso, ta tabbatar da bizarta ta intanet cikin wata uku, kada ta yi sakaci. Daga nan hukumar OFII, mai kula da sabbin baƙi, za ta kira ta, a gwada Faransancinta, ta sa hannu a yarjejeniyar sajewa da ƙasa da ake kira CIR. Cikinta akwai kwana huɗu na darasin tsarin ƙasa da dokokinta, da darasin harshe wanda zai iya kaiwa awa 600 ga wadda ba ta taɓa karatun boko ba. Kyauta ne, kuma ana rubuta wanda ya zo da wanda bai zo ba. Mace ta ce renon yara ya hana ta zuwa, fayil ɗinta ya nuna fashi, sai a ga sakamakon ranar sabunta kati.

A da halarta da nuna ƙoƙari sun isa a ba mutum katin shekaru da yawa. Dokar 26 ga Janairu 2024 ta sauya haka, kuma sabbin matakan Faransanci da ake nema sun fara aiki 1 ga Janairu 2026:

- katin shekaru biyu zuwa huɗu: matakin A2
- katin shekara goma: matakin B1
- zama ɗan ƙasa: matakin B2

A2 shi ne ta iya sayayya, ta yi wa likita bayanin inda ke mata ciwo, ta rubuta gajeren saƙo. B2 kuwa sai mutum ya iya kare ra'ayinsa a rubuce, shafi guda, ba tare da ya rikice ba. Gwajin ɓangare huɗu ne: saurare, karatu, rubutu, magana. Wadda ta tashi a Maradi ko Damagaram tana jin Faransancin kasuwa takan haye magana ta faɗi a rubutu, don haka can ya kamata a zuba ƙarfi. A lura kuma da irin shaidar da za a nema. Sakamakon gwajin Faransanci na TCF ko TEF shekara biyu kawai yake aiki, shaidar difloma ta DELF kuwa ba ta mutuwa. Wanda ya yi TCF da wuri, fayil ya daɗe bai shiga ba, sai ya sake biyan kuɗi ya sake zama.

Ban da harshe akwai sabuwar jarrabawar sanin ƙasa: tambaya 40 na zaɓi, minti 45, sai an ci 32. Ana tambaya kan ƙa'idojin jamhuriya, tsarin mulki, haƙƙi da wajibi, tarihi da labarin ƙasa, da zaman yau da kullum. Minti 45 ga tambaya 40 yana nufin wadda ba ta karatu da sauri za ta faɗi ko da ta san amsar. Abin da ya sa wannan ya zama haɗari shi ne wani sashe na dokar da ba a cika magana a kansa ba: katin shekara ɗaya ba a sabunta shi fiye da sau uku a jere kan dalili guda. A da mace na iya zama shekara goma tana sabunta na shekara-shekara. Yanzu akwai iyaka. Waɗanda suka haura shekara 65 an ɗauke musu sharaɗin harshe a katin zama, akwai kuma sassauci ga masu lalurar da likita ya tabbatar. Neman sabuntawa ana shigar da shi tsakanin wata huɗu zuwa wata biyu kafin kati ya mutu, don haka jarrabawa ta riga wannan lokacin.

Inda sutura ke iya shigowa ta bayan gida wuri biyu ne. Na farko, tun 2024 duk mai neman kati yana sa hannu a alkawarin mutunta ƙa'idojin jamhuriya, ciki har da daidaiton mace da namiji, da cewa ba zai kafa hujja da aƙidarsa ya ƙi bin ƙa'idar ofisoshin gwamnati ba. Wanda ya tayar da rigima a asibiti don likita namiji ne zai duba matarsa, ko ya hana 'yarsa darasin iyo, ya ba préfecture abin kamawa. Na biyu shi ne neman zama ɗan ƙasa, inda ake auna abin da doka ta kira sajewa da al'umma. Tun shekarun 1990 Conseil d'État ta ce ɗaura hijabi shi kaɗai ba hujjar hana mace ba ce. Amma a Yuni 2008 ta goyi bayan hana wata 'yar Maroko mai niƙabi, matar Bafaranshe, duk da tana jin harshen sosai, bisa cewa yadda take gudanar da addininta ya saɓa wa daidaiton jinsi. A Afrilu 2018 kuma ta goyi bayan hana wata 'yar Aljeriya da ta ƙi yin musabaha da jami'ai maza a wurin bikin karɓar sabbin 'yan ƙasa. Gwamnati na da shekara biyu na ƙalubalantar wadda ta nema ta hanyar aure.

Ɗan Garwa:

Hajiya, Allah Ya ƙara sani. Amma kada mu tsaya kan ƙa'ida mu manta da yadda aka haife ta. Lokacin da shugaban ƙasa na wancan zamani, Sarkozy, ya tsaya a Versailles a Yuni 2009 ya ce ba a maraba da burƙa a Faransa, ƙiyasin ma'aikatar cikin gida ya nuna matan da ke rufe fuska ba su kai 2,000 ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan 60, kuma da yawansu haifaffun can ne, wasu ma musulunta suka yi. Wane baƙo ake son ya saje a nan? Conseil d'État kanta ta yi gargaɗi a Maris 2010 cewa hani na bai-ɗaya ba shi da tushe mai ƙarfi a doka. Majalisa ta yi biris, ta kaɗa ƙuri'a 335 da 1. Da aka je kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai a 2014, ba ta karɓi hujjar tsaro ba, ba ta karɓi hujjar 'yanta mata ba, sai ta rataya hukuncin kan "zaman tare". Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin ɗan Adam ya ce a 2018 dokar ta tauye haƙƙin mata biyu da suka kai ƙara, Faransa ba ta sauya ko wasali ba.

Kuma layin yana ta matsawa. Daga 'yan mata uku da aka hana shiga aji saboda hijabi a garin Creil a 1989, sai makaranta a 2004, sai titi a 2010, sai kayan wanka masu rufe jiki (burkini) a bakin teku a 2016, sai ƙwallon ƙafa a 2023, har 'yan wasan Faransa aka hana su hijabi a gasar Olamfik ta 2024 a cikin ƙasarsu, baƙi kuwa suna sanye da nasu. A zaɓen 2022 'yar takarar shugaban ƙasa Marine Le Pen ta yi alkawarin hana hijabi a titi ɗungurungum. Mai shirin tafiya ya sani abin da ya halatta bana na iya zama batun majalisa baɗi.

Malam Na-Liyon:

Ɗan'uwa, rabin maganarka na yarda da ita, musamman cewa ana cakuɗa batun baƙi da batun 'yan ƙasa Musulmi don neman ƙuri'a. Amma a yi adalci, ba duk abin da aka yi shela ne ya zama doka ba. Hanin kayan wanka na 2016 Conseil d'État ta dakatar da shi a Agusta na shekarar. Majalisar dattawa ta amince da hana iyaye mata masu hijabi raka yara yawon makaranta a 2019 da 2021, bai tsallake ba. Na Le Pen ma alkawari ne, Macron ya amsa mata a muhawara cewa hakan zai haddasa yaƙin basasa. Masu yaɗa labari a waya ba sa bambance ƙudiri da doka, shi ya sa Hajiya ta ji za a tuɓe mayafi a filin jirgi.

Su ma masu goyon bayan dokar 2004 ba duka maƙiya Musulunci ba ne. Kwamitin Stasi, wanda gwamnati ta kafa kuma ya ba da shawarar yin dokar, ya saurari malamai da 'yan matan da suka ce samarin unguwa na takura wa wadda ba ta rufe kai ba. Ko dokar ta amfani yaran, masana ba su daidaita ba. Binciken Abdelgadir da Fouka na jami'ar Stanford ya gano ta rage yawan 'yan mata Musulmi masu kammala sakandare. Na Maurin da Navarrete, wanda ya duba umarnin ministan ilimi na 1994 da ya nemi makarantu su hana alamun addini masu fitowa fili, ya gano akasin haka. A ganina hujjar makaranta tana da ɗan ƙarfi, ta titi ce mai rauni, domin babbar mace ba yarinya ba ce.

Rufe fuska kuwa ba Turai kaɗai ta taɓa hana shi ba. Chadi ta hana a Yuni 2015 bayan hare-haren Njamena, jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru da jihar Diffa ta Nijar suka bi a Yuli. Sai dai can dalilin bam ne da ake ɓoyewa cikin sutura, ba gardamar wane ne ɗan ƙasa na gari ba, don haka kwatancen ba ya tafiya nesa.

Ga mai zaɓin ƙasa, maƙwabta sun bambanta. Beljiyam ta hana rufe fuska tun 2011, Ostiriya 2017, Danmak 2018, Suwizalan ta fara aiwatar da nata a Janairu 2025. Holan ta taƙaita nata ga makarantu, asibitoci, motocin haya na gwamnati da ofisoshi. Jamus ba ta da hani na bai-ɗaya, amma ba a tuƙi da rufaffiyar fuska.

Bamaraɗiya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Saura biyu. In yarinyar ta ƙi cire hijabi, za a iya koyar da ita a gida? Sannan hoton katin zama fa?

Hajiya Mai Takardu:

Karatu wajibi ne daga shekara 3 zuwa 16, ko yaro na da takarda ko babu. Koyarwa a gida tun Satumba 2022 sai da izinin hukumar ilimi, kuma dalilai huɗu ake karɓa: rashin lafiya ko naƙasa, wasanni ko fasaha mai cin lokaci, iyali marasa zama wuri ɗaya ko masu nisa da makaranta, da wani hali na musamman na yaron. Addini ba ya ciki. Wanda ya ajiye yarinya a gida babu izini zai gamu da hukuma, kuma zai ɓata fayil ɗin iyayen.

Mafita ita ce makaranta mai zaman kanta, don dokar 2004 ba ta hau kanta ba. Mafi yawansu na Katolika ne, kowace da ƙa'idarta, wasu na karɓar masu hijabi wasu ba sa karɓa. Na Musulmi kaɗan ne ƙwarai kuma gurbi na wuya. Miji ya je da kansa ya tambayi shugaban makaranta kafin su taso, ya karɓi amsa a rubuce. Ya kuma tambaya ko suna da ajin koyar da Faransanci ga sabbin zuwa, wanda ake kira UPE2A, domin galibi a makarantun gwamnati ake samunsa, kuma yarinya mai shekara 13 da ba ta da harshen ta fi buƙatarsa da komai. Nan gaba in ta gama sakandare, jami'a ba matsala, amma kwasa-kwasan diflomar sana'a ta BTS da ake yi a harabar sakandaren gwamnati suna ƙarƙashin hanin.

Hoto kuwa babu sassauci. Katin zama, lasisin tuƙi, fasfon Faransa, duk kai a buɗe ake ɗauka. 'Yan Sikh sun kai ƙara kan rawaninsu har kotun Turai a 2008 ba su yi nasara ba. A Jamus da Ingila ana karɓar hoto da hijabi in fuska ta fito, a Faransa za a dawo da fayil ɗin. Ba dole ba ne namiji ya ɗauke ta: akwai rumfunan hoto masu labule a tashoshin jirgi da manyan kantuna, ta shiga ita kaɗai, na'urar ta ba ta hoton da lambar da ake sawa a fom ɗin intanet. Ta tabbatar rumfar na ɗauke da tambarin amincewar hukuma, kuma hoton bai wuce wata shida ba ranar da za ta shigar da fayil.